Saba ɗaya, 'yan haya goma sha biyu: yadda za ka gano abin da ke hana na'urorinka gudu

A makon rajistar ɗalibai ne, a wata makaranta da ke nan cikin garin Gombe. Layi ya kai bakin ƙofa, shafin biyan kuɗi yana ɗaukar kusan minti guda kafin ya buɗe, shugaban sashen kuma yana tsaye a kaina. "Injiniya, ka ƙara masa ƙarfi mana. Ba mun sayi babbar saba ba?" Na ce, "Yallaɓai, ƙarfin ne ya yi masa yawa." Na kashe na'urar da ke ɗauke da shafin, na rage mata furosesa daga 16 zuwa 4, na kunna. Kafin a kira sallar Azahar layin ya watse.

Tun daga ranar nake son rubuta wannan jagora, don kuskuren da na tarar a wurin shi nake tararwa kusan ko'ina, a asibiti, a cibiyar jarrabawa, a ofishin gwamnati. Muna kallon yadda na'ura ta cika, alhali abin da ya kamata mu auna shi ne tsawon lokacin da take jira.

Ka ɗauki sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, a matsayin gidan haya irin na Jekadafari ko Bolari: ɗakuna da yawa, famfo ɗaya, mita ɗaya. Kowace VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin sabar, ɗan haya ce, tana cikin ɗakinta tana ganin kamar gidan nata ne ita kaɗai. Manhajar da ke raba musu kaya, ko VMware ESXi ce, ko Proxmox, ko Hyper-V, ita ce mai gida. Idan ka leƙa ɗakin ɗan haya ka tambaye shi, zai ce lafiya lau, bokitinsa ma ko rabi bai kai ba. Ba zai faɗa maka awa nawa ya yi a layin famfo ba. Wannan layin shi za mu koyi gani.

Mataki na farko: ka san gidan da mutanen cikinsa

Kafin ka girka wata manhajar sa ido, ɗauki takarda ko ka buɗe Excel. Rubuta kowace saba ta ƙarfe: ƙwayoyin furosesa nawa gare ta na zahiri, RAM nawa, faifai wane iri, an haɗa su a RAID nawa (RAID shi ne tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda). Sannan ka jera kowace VM da abin da aka ba ta, aikin da take yi, da sunan sashen da zai yi kuka idan ta mutu. A nan za ka fara cin karo da na'urorin da wani ɗan bautar ƙasa ya kunna don gwaji shekara biyu da suka wuce, ya gama hidimarsa ya tafi, su kuma suna nan suna cin RAM. Kada ka goge su nan take. Kashe su, ka jira wata guda, in ba wanda ya zo nema ka ɗauki kwafi ka cire.

Yanzu tara duk furosesar da ka raba, ka kwatanta da ta zahiri. Idan sabar na da ƙwaya 16 kai kuma ka raba 48, ninki uku ke nan. Ga ƙananan ayyukan ofis wannan ba laifi ba ne, dama don haka ake wannan tsari. Ga rumbun bayanai mai aiki ba dare ba rana, ni ba na son ya wuce ɗaya da ɗaya, ko biyu da ɗaya in ta matsa.

A cikin kowace VM kuma ka tabbatar an sa kayan mai gida: VMware Tools ko open-vm-tools a kan ESXi, qemu-guest-agent da direbobin VirtIO a kan Proxmox. VM ta Windows da aka bari da katin netwok na kwaikwayo irin E1000 da faifan IDE tana wahalar da kanta da sabar a banza.

Mataki na biyu: ka ajiye mai gadi a wajen gidan

Allon da ke zuwa da Proxmox ko vCenter, manhajar kula da sabobin VMware, yana da amfani, amma yana da mantuwa. A vCenter, zanen kai-tsaye yana ɗaukar awo duk sakan 20, sai dai awa ɗaya kacal yake riƙewa. Bayan nan sai a dunƙule shi zuwa minti 5 a zanen yini, minti 30 a na mako, awa 2 a na wata. Cunkoson da ya yi minti uku yana hana mutane aiki, idan aka narkar da shi cikin awa biyu, ko alamarsa ba za ka gani ba.

Saboda haka kana bukatar manhajar da za ta riƙa tara tarihi. Zabbix kyauta ce, kuma tana zuwa da shiryayyun tsare-tsare na VMware da na Proxmox, da wakilin da ake sawa a cikin kowace VM. Wanda ya saba da Linux yana iya ɗaukar Prometheus da node_exporter, ya zana sakamakon a Grafana. Proxmox ma da kanta tana iya tura alƙalumanta zuwa InfluxDB ko Graphite. Ga wanda yake aiki shi kaɗai, Zabbix nake ba wa shawara, don abu ɗaya ne za ka kula da shi maimakon uku.

Abin da nake roƙo shi ne kada ka sa manhajar sa idon a cikin sabar da take sa wa ido. Ranar da sabar ta faɗi, mai gadin ma ya faɗi tare da ita, ba mai kiran ka. Nemi tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda batirinta ke riƙe caji, ka sa mata Debian, ka haɗa ta da ƙaramin modem mai layin waya daban da intanet ɗin ofis. Ko wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke, saƙo zai iso wayarka ta Telegram. Ka kuma daidaita agogon duk na'urorin da chrony ko NTP, in ba haka ba zanen wannan zai ce matsala ta faru ƙarfe goma, na wancan ya ce goma da kwata.

Sannan ka bar ta mako biyu tana tarawa, ba tare da ka taɓa komai ba. Sai ka san yadda gidan yake a ranar lafiya kafin ka gane ranar ciwo: yaya safiyar Litinin take, yaya ƙarshen wata yake lokacin haɗa albashi, yaya Juma'a take bayan an sauko daga masallaci.

Mataki na uku: layin furosesa

A nan zan daɗe, don a nan aka fi yin ɓarna.

Idan kana kan ESXi, shiga ta SSH ka buga `esxtop`, ka danna `c`. Nemi ginshiƙin `%RDY`. Shi ne kason lokacin da VM ta shirya yin aiki amma ba a ba ta furosesa ba. Lambar da ka gani jimilla ce ta duk ƙwayoyinta, don haka ka raba da yawansu. VM mai ƙwaya 4 da ke nuna 20, kashi 5 ke nan kowace ƙwaya. Ƙasa da kashi 5 ka kwantar da hankalinka. Daga 5 zuwa 10 ka fara bincike. Sama da 10, masu amfani da ita sun riga ka sani.

A zanen vCenter ba kaso ake ba ka ba, milisakan ne, kuma wannan yana rikita mutane. Lissafin ba wuya: a zanen kai-tsaye, tunda sakan 20 milisakan 20,000 ne, raba lambar da 200 ka samu kaso. Ka ga 2,000, kashi 10 ke nan, sai ka sake rabawa da yawan ƙwayoyin. A zanen yini kuwa da 3,000 za ka raba.

Idan Proxmox ce ko wata KVM, shiga cikin VM ta Linux ka buga `top`. A layin furosesa, can ƙarshe, akwai `st`. Lokacin da aka sace mata ke nan, wato mai gida ya ba wani ɗan haya alhali ita ma tana so. Idan yana zama sama da 5 na tsawon lokaci, gidan ya cika. A kan sabar kanta kuma `cat /proc/pressure/cpu` zai nuna maka kason lokacin da ayyuka suka tsaya jiran furosesa a sakan 10, da 60, da 300 da suka wuce. Wannan ya fi amfani idan 'yan hayar naka Windows ne, don Task Manager ba ya nuna satar.

To me ya sa rage furosesa ke ƙara gudu? Je ka Tashar Dukku da safe. Mai tafiya shi kaɗai, duk motar da ta zo da gurbi ɗaya ya shige. Mai iyali takwas da ke son su tafi tare kuwa sai ya tsaya. Haka VM mai ƙwaya 16 take a kan saba mai cunkoso. Ba dole ne duk ƙwayoyin su tashi a lokaci ɗaya ba, amma idan wasu suka yi gaba, sai an tsayar da su sun jira 'yan'uwansu, ko kuma ɗaya ta riƙe makullin da sauran ke bukata alhali an sauke ta daga layi. A `esxtop` ginshiƙin `%CSTP` ne ke nuna wannan tsayuwar, kuma idan ya wuce 3, VM ɗin ta yi faɗi. Wancan shafin rajista da na fara da shi, aikinsa bai taɓa wuce na ƙwaya uku ba. Sauran goma sha ukun layi kawai suke tsawaita mata, suna kuma tare wa makwabta hanya.

Ga yadda za ka yi. Duba tarihin mako biyun nan, ka ga iyakar abin da kowace VM ta ci a lokacin da aiki ya fi zafi. Wadda ba ta taɓa wuce kashi 30 ba, raba furosesarta biyu. Ka yi ɗaya bayan ɗaya, da daddare ko ranar Asabar, ka rubuta abin da ka canza da ranar. Kada kuma VM ɗaya ta wuce ƙwayoyi da RAM na soket ɗaya idan sabar mai soket biyu ce, wato mazaunin furosesa biyu, sai in dole, domin ɗebo bayanai daga RAM na ɗaya soket ɗin ya fi jinkiri.

Wani abin da ake mantawa: shiga BIOS ka duba tsarin wuta. Saba da yawa suna zuwa a kan tsarin tsimin lantarki, wanda ke rage gudun furosesa. Idan aikinka ba ya son jinkiri ko kaɗan, mayar da ita kan cikakken gudu, amma ka sani za ta ƙara jan wuta da zafi, ka duba ko inbatarka za ta ɗauka.

Mataki na huɗu: RAM

Furosesa tana da haƙuri, in ta yi kaɗan a yi layi. RAM ba ta da shi. Idan ta ƙare, mai gida yakan bi matakai. Zai haɗe shafukan da suke iri ɗaya, zai hura balan-balan a cikin VM don ya karɓe abin da ba ta amfani da shi, zai matse wasu, in duk bai isa ba ya fara zubawa a faifai. Da zarar an kai ga faifai, gudu ya ƙare. A `esxtop` danna `m`: `MCTLSZ` balan-balan ne, gargaɗi ke nan, `SWR/s` da `SWW/s` kuwa in ba sifili ba ne, wuta ta riga ta kama. A Linux `vmstat 1` ne, ka dubi `si` da `so`.

A Proxmox abin ya fi tsanani. Idan RAM ta ƙare ƙaf, Linux yakan zaɓi babban aiki ya kashe, kuma babban aiki a wurin VM ce sukutum. Duk ranar da ka tarar da VM a kashe ba wanda ya taɓa ta, buga `journalctl -k` ka nemi kalmar `oom`. Masu amfani da ZFS, wani tsarin ajiye fayiloli a faifai, su lura, tana ɗaukar RAM ta yi wa kanta ma'ajiyar gaggawa, kuma a tsofaffin girke-girke takan kai rabin abin da sabar ke da shi. Daga Proxmox 8.1 sabon girki yana tsayar da ita a kashi 10. Duba taka da `arc_summary`, ka sa mata iyaka, amma kada ka shaƙe ta: gigabait 2, da ƙarin 1 kan kowane terabait na faifai, shi ne mafi ƙaranci.

Kada kuma ka tsorata don `free -h` ya nuna RAM ta kusa cika a cikin VM. Ginshiƙin `available` shi ne gaskiya. Ni dai ba na raba fiye da kashi 80 na RAM ɗin saba.

Mataki na biyar: faifai, inda yawancin ciwon yake

In aka kira ni aka ce saba tana nauyi, kafin na isa zuciyata tana kan faifai. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti ba ya wuce aiki 75 zuwa 100 a sakan idan ana karatu nan da can. Haɗa huɗu a RAID 10, ka samu wajen 320 a karatu, rabin haka a rubutu. A RAID 5 kowane rubutu ɗaya aiki huɗu ne, a RAID 6 shida. Yanzu ɗora VM goma sha biyu a kai, kowace tana ganin faifan nata ne. SSD ɗaya tana yin dubbai.

Abin aunawa shi ne jinkiri. A Proxmox buga `iostat -x 2`, ka dubi `r_await` da `w_await`. A `esxtop` danna `u`: `DAVG` jinkirin faifan ne kansa, `KAVG` na mai gida, `GAVG` jimillar da VM ke ji. Faifai mai juyawa in ya zauna sama da milisakan 20, akwai matsala. SSD bai kamata ta wuce 'yan milisakan kaɗan ba. `KAVG` in ya wuce 2, layi ne ya taru a wurin mai gida.

Idan jinkirin ya tashi, bi waɗannan da tsari. Fara da neman ɗan hayar da ke tare famfo: `iotop` a Proxmox, ko `v` a `esxtop`. Sau da yawa za ka tarar manhajar kashe ƙwayar cuta ce ke bincike a duk VM a lokaci ɗaya, ko ɗaukar kwafin ajiya ya zarce har cikin lokacin aiki. Rarraba musu lokaci, ka sa wa kwafin iyakar gudu.

Sai hoton-tsaye, wanda muke kira sinafshot. Ana ɗaukarsa kafin gyara don a iya komawa baya, sai a manta. Shi ba kwafin ajiya ba ne. VMware da kansu sun ce kada ya wuce awa 72. Na taɓa tarar da wanda ya shekara, ya cinye faifai har duk na'urorin suka tsaya cak, haɗe shi kuma ya ɗauke mu dare guda muna zaune muna addu'a kada wuta ta ɗauke. Duk Juma'a ka duba, ka share na banza.

Sai batirin katin RAID. Idan ya mutu, katin yakan daina tara rubutu a ma'ajiyarsa ya koma rubutawa kai-tsaye, gudun rubutu ya faɗi warwas ba tare da wani abu ya canza a manhaja ba. A zafin garin nan batiran nan ba sa daɗewa. Duba shi ta iDRAC idan Dell ce, ta iLO idan HP ce.

Sai cikar faifai. Idan ka raba fili fiye da wanda kake da shi, `lvs` ko `zpool list` su zama abokanka, kuma ka sa faɗakarwa a kashi 80. Lafiyar faifan kuma `smartctl -a` ke faɗa. SSD ta kasuwa irin ta kwamfutar gida tana saurin cinyewa a saba, kuma ba ta da kariyar ɗaukewar wuta, abin da mu nan muka fi kowa bukata.

Netwok ba zan tsaya a kansa ba, don a ƙananan wurare ba kasafai yake cika ba. Duba kawai cewa kati bai faɗo daga 1,000 zuwa 100 ba saboda lalatacciyar waya, `ethtool` zai nuna maka, kuma ka ware wa kwafin ajiya hanyarsa.

Mataki na shida: zafi, ƙura da wuta

Littattafan da aka rubuta a Amurka da Jamus sun ɗauka ɗakin saba a sanyaye yake kullum. A Gombe, watan Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, abin da ake so kuwa iskar da ke shiga saba ta tsaya tsakanin 18 da 27. Furosesa in ta yi zafi tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Idan zanenka ya nuna nauyi kullum tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na rana, kuma ba ƙarin aiki, je ka taɓa bangon ɗakin. `ipmitool sdr type temperature` zai ba ka awon, ka shigar da shi cikin Zabbix kamar kowane awo, da faɗakarwa a 30. Sau da yawa dalilin shi ne an koma kan janareto ko sola, na'urar sanyaya ɗaki ba ta kan layin, sabar tana ci gaba da aiki a ɗaki rufe.

Da hunturu kuma ƙura ce. Kafin Disamba da bayan Fabrairu, kashe sabar, ka fitar da ita, ka hure ta da abin hura iska, ka toshe ƙasan ƙofa da tagogi.

UPS ɗinka ka haɗa shi da sabar ta USB ko netwok, ka girka NUT, manhajar da ke lura da UPS, yadda in batir ya kusa ƙarewa za a kashe VM ɗaya bayan ɗaya cikin tsari. Ka tsara tashinsu ma: rumbun bayanai ya fara, a jira minti ɗaya ko biyu, sannan sauran. In duka suka tashi tare bayan an kawo wuta, faifai zai shaƙe na tsawon minti goma. Batirin gubar da ke cikin UPS, duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, don haka duk wata uku ka zare wuta da gangan, da agogo a hannunka, ka ga minti nawa yake riƙewa.

Mataki na bakwai: faɗakarwa da lissafin gaba

Faɗakarwa ta yi yawa, mutum ya daina dubawa. Abin da zai tashe ka da dare bai kamata ya wuce waɗannan ba: saba ko VM mai muhimmanci ta mutu, faifai ya lalace a RAID, fili ya wuce kashi 90, zafi ya wuce iyaka, an koma kan batir ya kusa ƙarewa, kwafin ajiya bai yiwu ba. Sauran su jira safiya. Kowace kuma ka sa mata sharaɗin lokaci, misali sai abin ya daɗe minti biyar, don tsalle na sakan goma ba ciwo ba ne.

Duk ƙarshen wata ka zauna da zanen, ka ga nawa faifai da RAM suka ƙaru. Idan fili na ƙaruwa da gigabait 60 a wata, saura 300, wata biyar gare ka, kuma ka san tsawon lokacin da takardar sayen kaya ke ɗauka kafin ta fito daga ofishin oga, ga kayan da sai an yi oda daga Legas ko Kano. Da wannan zanen za ka shiga wurinsa, gani ya kori ji. Idan sabobi biyu ko uku ne a haɗe, ka lissafa ko sauran za su ɗauki kowa in ɗaya ta faɗi. Gungun Proxmox kuma, wato sabobin da aka haɗa wuri ɗaya, yana bukatar ƙuri'a uku, kowace na'ura ƙuri'a ɗaya, ko da ta ukun ƙaramar na'ura ce. A lissafin ka sa kuɗin lasisi: tun da Broadcom ta sayi VMware a Nuwamba 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin aka koma na biyan shekara-shekara, da dala. Idan za ka ƙaura zuwa Proxmox, ɗauki awon mako biyu a tsohon gida kafin ka tashi, ka fara da VM mafi ƙarancin muhimmanci, ka sake aunawa a sabon, sannan ka matsar da ta gaba.